Zare Ya Kayar da Ƙusa

Ƙusar ta faɗa cikin ɗan farantin ƙarfe, ta yi ƙara kamar an yar da maɓalli a siminti. Goggo Tela tana kwance a kujerar likitan haƙori, fitila na dallare mata ido, leɓenta na sama ya mutu da allura. Amma kunnenta lafiya lau yake, ta kuma san abin da ta ji.

"Wacce ce ta fita?" ta tambaya ta cikin audugar da ke bakinta.

"Ta dama," in ji Likita. "Ban ma ja ta ba. Taɓa ta kawai na yi ta biyo hantsaki."

Shekara uku ke nan da wata motar haya ta taka birki ba shiri, bakin Goggo ya gamu da ƙarfen kujerar gaba, haƙoranta biyu na sama suka tafi. Aka yi mata na roba masu maƙalewa a ganɗa. Ta tsane su tun ranar farko, amma ba ta taɓa bari wani mahaluƙi ya gan ta babu su ba. Da ta zo neman a dasa mata na dindindin, hoto ya nuna ƙashin wurin ya sirance, ba zai riƙe komai ba. Sai Likita ya tsaga dasashin, ya ɗaura ƙusoshi biyu a ɗan ƙashin da ya rage, ya cike gefensu da garin ƙashi, ya lulluɓe da wani siririn abu kamar ɓawon albasa, ya ɗinke. Ya ce garin nan zai zama ƙashi na gaske ya riƙe ƙusoshin, sannan a ɗora haƙora a kansu. Ranar, da Goggo ta duba ɗinkin a madubi, ta ce masa hannunsa ba laifi, sai dai tazarar ɗinkin ba ta yi daidai ba.

Wata biyar ke nan da yin aikin. Yau aka buɗe, ta hagu ta kafu kamar turke, ta dama tana cikin faranti.

Likita ya juyo mata da allon hoto. "Kin ga nan fari? Ƙashi ne ya tsiro. Kin ga nan baƙi? Rami ne, garin duk ya narke. Mama, ki gaya mini gaskiya. Kin ci abu mai tauri da haƙoran roban nan a bakinki?"

"Wata biyar ina cin abinci kamar jaririya. Burodi ma sai na jiƙa shi a shayi. Rabona da nama tun ranar da ka yanka ni."

"Kowa haka yake cewa."

Goggo ta tashi zaune, ta zare audugar daga bakinta da kanta. "Maimaita."

"Ba maƙaryaciya na kira ki ba." Ya jawo wani babban littafi da yake rubuta sakamakon duk wanda ya yi wa irin wannan aikin. "Mafi yawa ƙashin yakan kama. 'Yan kaɗan ne jikinsu ba ya karɓa, ko kuma ba su bi doka ba. Ke ba kya shan taba, sukarinki daidai yake. Zan rubuta: bai kama ba, ba a san dalili ba. Ƙusa ɗaya ba za ta ɗauki manyan haƙora biyu ba, saboda haka ki ci gaba da na robanki."

"Ka sake aikin."

"Ba zan sake yanka ki ina lalube a duhu ba. Abin da ya rage miki a wurin nan na aiki ɗaya ne tak. In ya sake lalacewa, har ta hagun zai iya ja."

"To ajiye biron nan tukuna." Ta nuna allon da yatsa. "Shekara arba'in ina ɗinki, ban taɓa ganin yadi ya yage ta gefe ɗaya ba tare da an ja shi ta nan ba. Jikin nan guda ne. Jinin da ya ciyar da hagu shi ya ciyar da dama. Da jikina ne ya ƙi, da duka biyun ya tofar. Wani abu ne ya taɓa wannan ya bar wancan."

Likita ya dube ta, ya dubi hoton, ya rufe biron. "Dama za ki dawo nan da mako biyu in duba ciwon. In kin zo da dalili, zan saurara. In babu, na rubuta."

Shagon Goggo ɗan tsukakke ne, keken ɗinki biyu, teburin yanka, madubi mai tsaga a kusurwa, da labule a baya inda mata ke gwada kaya. A maƙwabta akwai Mai Kitso, wadda ke leƙowa sau ashirin a rana. A bakin ƙofa kuma akwai benci, kan bencin akwai Yaya, wan Goggo, tsohon direban babbar mota da ya ajiye aiki ya mai da shagon ƙanwarsa ofis. Shi sama da ƙasa duk roba ne a bakinsa.

"Na faɗa miki, Sarkin Kafiya," in ji shi da ya ji labari. "An zuba miki gari a baki kamar ana shirin yin burodi, me kike jira? Da babu gara ba daɗi. Dubi nawa." Ya turo haƙoransa waje da harshe, ya mai da su. "Shekara goma sha biyu muna tare, ba mu taɓa faɗa ba."

"Ran da ka yi atishawa a tasha suka riga ka shiga mota fa?"

Mai Kitso ta ƙyalƙyale da dariya daga bakin ƙofa. Yaya ya ce iska ce ranar ta yi yawa.

"Ni ba zan mutu da baki a cikin kofi ba, Yaya," in ji Goggo, ta taka keke.

Ta shiga bincike kamar mai neman allura a tsumma. Ta canja gefen da take kwanciya. Ta duba buroshin haƙori. Ta tuna duk maganin da ta sha da wanda ta kurkure baki da shi. Har wayarta ta tuhuma, don a kunnen dama take maƙale ta in tana yanka. Babu wanda ya kai bakin dasashi. Kwana goma suka wuce, hannunta wayam.

Rana ta goma sha ɗaya aiki ya taso mata, kayan makaranta na yara arba'in, jar riga da baƙin wando. Wajen azahar haƙoran roba suka fara gurzar ciwon. Ta shige bayan labule, ta cire su, ta ɗauraye, ta kawo su ƙarƙashin fitilar keke ta ga ko wani abu ne ya maƙale. Sai ta ga ɗan jan gashi a bakin haƙorin dama. Ta hure, bai tashi ba. Ta sa farce ta ja, sai ga guntun zare. Jan zare, irin wanda ke kan kekenta.

Ta bi gefen haƙorin da farce. Na hagu sumul. Na dama yana da tsagi, siriri, daidai kaurin zare.

Ta taɓa ganin irin wannan tsagin, a bakin mahaifiyarta, wadda ta koya mata ɗinki.

Ta mai da haƙoran, ta leƙa waje ta kira Mai Kitso. "Ƙawata, kina da kai a hannu?"

"Sai an jima. Me ya faru?"

Goggo ta miƙa wa Mai Kitso allin awo. "Zauna nan ki yi mini hira awa ɗaya. Duk sanda kika ga na kai zare baki, ki ja layi a bango. Kar ki faɗa mini."

"Ke da ba kya neman almakashi sai za ki yanka yadi?"

"Ni? Ban cizon zare. Tun da aka yi mini aikin nan ban ciji komai ba."

Mai Kitso ta dubi Yaya, Yaya ya dubi sama. Sannan ta karɓi allin, ta zauna.

Aka yi hira. Aka taɓa mai gidan haya, aka taɓa matar da ta kawo yadi biyu kacal tana son riga da zane da ɗankwali har da canji. Goggo tana ɗinka maɓallai, tana kalmasa, tana dariya, a ranta tana cewa ai ko sau ɗaya ba ta yi ba. Da awa ta cika ta juya ta dubi bango.

Layi talatin da bakwai.

"Kuma kullum ta nan," in ji Mai Kitso, ta nuna gefen dama na bakinta. "Ki karkata kai, ki datse, ki fizga. Kamar ƙiftawar ido."

Goggo ta dubi rigar yaron wani da ke cinyarta. Wata biyar tana jiƙa burodi, ashe tana dukan wurin sau ɗari uku a rana da hannunta.

Yaya ya yi dariya har da tari. "Ashe ɓarawon a cikin gida yake. To ki ji shawara. Ki yi gum da bakinki, ki bar shi ya rubuta ba a san dalili ba. Kin tsaya kin yi wa likita ihu, yanzu ki koma ki ce ke ce? Ki tsira da mutuncinki."

"Mutuncin da zai bar ni da roba har kabari? Riƙe shi, na ba ka."

Ranar komawa ta shiga ɗakin Likita da jakar hannu. Bai gama gaishe ta ba ta ce, "Cire rigarka."

"Na'am?"

"Farar rigar. Maɓallinta na biyu yana lilo tun zuwana na farko, yana ta ci mini rai. Miƙo, kuma ka zuba ido a bakina."

Ya miƙa, don ya ga babu hanyar tsira. Ta zare allura da zare daga jaka, ta ɗinke maɓallin cikin numfashi biyar, ta ƙulla. Sannan a hankali, yadda zai gani, ta karkata kai, ta kai zaren haƙorin dama, ta datse, ta fizga.

"Tsaya," in ji Likita. "Sake yi."

Ta sake. Ya matso da fitila, ya ɗaga leɓenta da yatsa, ya ga yadda robar ke nutsewa sama tana danna dasashi daidai inda ya zuba garin. Ta cire haƙoran ta miƙa masa. Ya sa gilashin ƙara girma, ya daɗe yana kallon tsagin.

"Sau nawa a rana?"

"Talatin da bakwai a awa. Akwai shaida a bangon shagona."

Ya sauke gilashin. "Sabon ƙashi kamar ɗanyen siminti ne, ba ya son motsi. Ana taka shi kullum, yaushe zai bushe?" Ya kashe fitilar. "Na tambaye ki abin da kike ci. Ban tambaye ki aikin da kike yi ba."

"Ni kuma na rantse maka ban ciji komai ba. Ka yi kuskure, na yi kuskure, an yi kunnen doki. Yaushe za ka sake aikin?"

"Mama, dalili mun samu, amma magani fa? Abin da hannu ya shekara arba'in yana yi ba tare da ya nemi izininki ba, ba zai daina don kin yi mini alkawari ba. Hali zanen dutse ne. Kin san saura dama ɗaya."

Goggo ta karɓi haƙoran robar daga hannunsa. Ta dube su, ta jefa su cikin ɗan farantin ƙarfen nan, inda ƙusarta ta faɗa mako biyu da suka wuce.

"Ajiye su a wurinka. Abin da babu a baki ba ya cizon zare. Wata nawa?"

"Wannan karon ba zan haɗa aikin biyu ba. Zan ɗebo ƙashi daga can ƙarshen muƙamuƙinki in cike ramin, mu jira wata shida. In ya kama a sa ƙusa, a ƙara wata uku." Ya dube ta sosai. "Wata tara da giɓi, a shago, a gaban mutane. Ke da ko ni sai kin juya baya kike cire su."

"Ka ji na nemi ragi?"

Maganar ta fito da iska ta cikin giɓin, har wani ɗan fito ya biyo ta. Ba ta rufe baki ba. Likita ya jawo littafinsa, ya rubuta ranar aiki.

Safiyar da ta koma shago bayan aikin, kumatunta na dama a kumbure, leɓenta ya faɗa ciki, Mai Kitso ta tare ta da takunkumin fuska sabo fil.

"Sa wannan, ƙawata. Ki ce mura kike yi."

"Wata tara ina mura? Sai a ce tarin fuka ne, kowa ya gudu. Gini ake yi a bakina, ba sata na yi ba."

Ta ɗaura ƙaramin almakashi a jan ƙyalle, ta rataya a wuya, ta buɗe ƙofar shagon har bango.

Mace ta farko da ta shigo awo ta ce, "Goggo, sannu," sannan ta ga giɓin, dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki da mayafi.

"Yi abinki, kar ki ƙware," in ji Goggo, ta zagaya ƙugunta da tef. "Ni nawa wata tara ne ya cike. Ke kuma inci huɗu kika ƙara tun bara, ɗaga hannu."

Kafin la'asar labari ya gama layin. Wasu suka zo da ɗinki, wasu suka zo kallo da tsohon wando a hannu wai a rage masa ƙafa. Duk ta karɓa, duk ta yi musu magana baki buɗe. Bayan mako guda kallon ya ƙare, ɗinkin bai ƙare ba.

Hannun ne ya ƙi jin magana. Zare ya taso, ya iso baki, ya tarar da fili. Kwana uku haka, sai ya gano hanya, ya fara karkata yana neman haƙoran gefe. Ranar ce Yaya ya buga sandarsa a benci, kwas.

"Sarkin Kafiya, zare."

Ta dubi hannunta, ta sauke shi, ta ɗauki almakashi. "Ba kai ka ce in haƙura ba?"

"Har yanzu ina kan bakana. Amma an yanka ki sau biyu, aikin ba zai sake lalacewa ina zaune ba."

Daga ranar ya zama mai gadi. Ya juya bencin ya fuskanci keke. Makon farko sanda ta yi ƙara har mai shagon gaba ya zo tambaya ko kafinta aka ɗauka. Wata na biyu sau uku a rana. A wata na huɗu Yaya ya fara gyangyaɗi a bakin aiki, don babu abin bugawa.

Sau ɗaya hankali ya tashi. A mako na biyar ta ji wani abu kamar takarda a dasashi, ta duba, gefen ɗinkin ya buɗe, siririn abin nan mai kama da ɓawon albasa ya leƙo. Ta bar riga rabi a ƙarƙashin allura ta tafi. Likita ya datse abin da ya fito, ya wanke, ya ba ta maganin kurkura, ya ce ta dawo duk bayan kwana uku, bai yi mata alkawarin komai ba. Sau shida tana zuwa kafin naman ya rufe.

Wata shida, hoto ya nuna fari a inda dā baƙi ne. Aka sa ƙusa. Wata uku suka biyo baya.

Ranar ƙarshe Yaya ya rako ta, ya zauna a kusurwa da sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Likita ya buɗe kan ƙusar, ya juya ɗan madubinsa, ya ƙwanƙwasa ta da ƙotar. Sautin ya fito a tsaye, kamar an bugi ƙarfen gada. Ya ƙwanƙwasa ta hagu. Sauti ɗaya.

"Kin ji?"

"Na ji. Sake bugawa, Yaya kunnensa ya yi nauyi."

Mako biyu bayan haka aka ɗaura haƙoran. Goggo ta karɓi madubi, ta yage leɓe, ta duba kamar mai duba ɗinkin wani tela.

"Na dama ya fi na hagu tsawo ta sama."

"Dasashin wurin bai sauko duka ba, an taɓa shi sau uku. Sai kin ɗaga leɓe da hannu za a gani."

"Ni na gani." Ta sake dubawa, ta haɗa haƙoran sama da na ƙasa, ta ji sun tsaya cak, babu abin da ya motsa. Ta miƙa masa madubin. "Zan karɓa."

Likita ya buɗe littafinsa, ya rubuta: ya kama a karo na biyu, dalilin faɗuwar farko zaren ɗinki. Sannan ya nuna mata takardar da sababbin marasa lafiya ke cikewa. A ƙasa an ƙara layi da biro: me kake sawa a baki in kana aiki?

"Jiya na kama wani mai gyaran wuta," in ji shi. "Da haƙori yake feƙe waya." Ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko haƙoran robarta a 'yar leda. "Ajiyarki. Kuma ki dawo duk wata shida. Wannan ƙarfe ne a cikin ƙashi, ba a yi masa rantsuwa. In kika koma cizon zare, zan sani."

Ta miƙa wa Yaya ledar. "Ungo, ka sa a aljihu saboda ranar atishawa."

Da suka koma shago Mai Kitso ta sa ta yin murmushi sau uku, ta kira mutanen layi su gani. Goggo ta kore su, ta ce aiki na jiranta. Ta zauna, ta ɗauki wata riga, ta kafa maɓalli, ta ƙulla zare.

"In wannan ma ta faɗi fa?" in ji Yaya daga benci.

"Sai in nemo abin da ya kayar da ita."

Hannunta ya taso da zaren, ya kai rabin hanya. Yaya ya ɗaga sanda. Goggo ta harare shi da sababbin haƙoranta a waje, ta lalubo almakashin da ke wuyanta, ta datse.